Shawarwarin masu sayen sulallan Rumawa a gwanjo

Kan masu tara tsoffin sulallan daular Rum ya haɗu a kan abu guda: sabon shiga ya fara da na tagulla na zamanin Sarki Kwanstantin, domin suna da yawa kuma ba su da tsada. Dinarin azurfa ya biyo baya.

Kafin a buɗe gwanjo, ka yanke iyakar tayinka, ka tsaya a kai ko da abokan taya sun zuga ka. Ka tuna akwai la'adar gidan gwanjo, sau da yawa wajen kashi 20 cikin 100, ga kuɗin aikowa. Ka nemi nauyin sulen da hoton gefensa, saboda jabun da aka yi ta hanyar zuba narkakken ƙarfe a mazubi yakan bar layin haɗi da ƙananan ramuka. Kada ka kankare tsatsar nan mai kore, darajarsa kake gogewa.

Inda masu tarawa suka fi daɗewa suna magana shi ne asalin sule, wato hannun da ya bi, kuma a ganina nan ne ya fi muhimmanci. Zinariyar da Burutus, ɗaya daga cikin makasan shugaban Rum Yuliyas Kaisar, ya sa aka buga don tunawa da kisan ta haura fam miliyan 3 a gwanjo a Landan a 2020. Daga baya aka gano takardun asalinta na bogi ne, aka mayar da ita Girka a 2023. Shi ya sa suka ce ka tambayi hannun da sulen ya bi kafin ka taya.