Babanmu da fim ɗin Sholay: ku ba ni shawara kafin Yaya ya kwashe akwatin

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana, ina nan ina bin amsoshinku.

Ina aure a unguwar Zariya nan Maradi, gidanmu kuma yana Bagalam. Mahaifinmu tela ne, ya haura shekara 65, ido ya sa ya bar wa yaran shago keken ɗinki. Duk wanda ya san shi a bakin babbar kasuwa ya san shi da fim ɗin Indiya mai suna Sholay. Tun yana saurayi suka gan shi a silima shi da amininsa, wani bakanike, daga nan aka laƙaba musu sunayen jaruman biyu: Baba shi ne Biru, abokinsa Jai. Mu ma Baba Jai muka taso muna ce masa, sai da na yi wayo na san sunansa na yanka.

Baba ba ya jin Indiyanci, amma kafin ɗan wasa ya buɗe baki ya riga shi faɗin abin da zai ce. Yana da akwatin ƙarfe cike da kaset na bidiyo, faifan CD, tsoffin kalandu da hotunan da ya yanka ya adana. Duk daren Juma'a bayan isha'i a fito da talabijin tsakar gida, Baba Jai ya zo da ganyen shayi da sukari, yaran maƙwabta su cika tabarma. Inna ba ta taɓa hanawa ba, ita ke soya musu gyaɗa ma.

Da damina Allah ya yi wa Baba Jai rasuwa. Ba a jima ba, ranar 24 ga Nuwamba 2025, labari ya zo cewa Dharmendra, wanda ya fito a Biru, shi ma ya mutu. Tun daga nan Baba ya sauya. Ya mayar da talabijin ɗakinsa, kusan kullum sai ya kunna fim ɗin shi kaɗai, kuma da an zo faɗan ƙarshe a bakin gada sai ya kashe, gobe ya faro daga farko. Ya daina zuwa fada wurin hira da abokai, abinci sai Inna ta yi ta lallashi. Masallaci dai ba ya fashi.

Babban yayanmu ya ce abin kunya ne dattijo mai jikoki, surukai na shigowa gaisuwa su tarar da shi gaban fim ɗin Indiya. Ya ce ƙarshen wata zai kwashe akwatin, in ta kama ya ƙona. Ni zuciyata ba ta yarda ba, amma kuma ina tsoron halin da Baba yake ciki. Me kuke gani?

Tsohon Direba, Tibiri:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya jiƙan abokin babanki, ya sa ya huta. Ni sa'an mahaifinki ne, bari in faɗa miki abin da ku yara ba ku gani ba. A 1975 fim ɗin nan ya fito, Ramesh Sippy ya shirya shi, ya fi awa 3, kuma a can Bombay sai da ya shekara 5 ana nuna shi a silima guda mai suna Minerva. Mu nan ba fassara muka kalle shi. Wanda ya riga ka gani shi ke zama kusa da kai yana gaya maka abin da ake cewa, wani lokaci ma ƙirƙira yake yi, amma labarin ba ya ɓace wa kowa. Ɓarayi biyu ne, Jai da Biru, tsohon ɗan sanda, Thakur, ya ɗauko su kamo masa Gabbar, bos ɗin da ya kashe masa iyali ya sare masa hannuwa. Harbi da dawakai da jirgin ƙasa duk akwai, amma abin da ya kama mu amana ce tsakanin abokan nan biyu. Jai yana da kwabon da yake jefawa in sun rasa matsaya, kuma kullum shi ke ci. A bakin gadar nan harsashi ya kusa ƙare musu, ya jefa, ya ci, ya ce Biru ya tafi da budurwarsa da suka ceto, shi zai tsaya. Sai bayan ya mutu Biru ya duba kwabon ya ga fuska iri ɗaya ce gaba da baya. Kafin a kai nan ne babanki yake kashe talabijin. Abokinsa yake zuwa gani, ya kashe tun bai kai wurin rabuwa ba. Ki gaya wa yayanki haka da bakinki, cikin ladabi.

Abu Ammar:
'Yar uwa, gaskiya ɗaya ce. Mutum ya kai waɗannan shekaru, abin da ya dace da shi carbi ne da Alƙur'ani da majalisin malamai. Fim ɗin nan akwai kiɗa da rawa a cikinsa. In yana son abokinsa ya yi masa addu'a da sadaka, su ne za su isa gare shi. Ban goyi bayan ƙonawa ba, amma niyyar yayanku mai kyau ce.

Malama, Ɗan Gulbi:
Abu Ammar, addu'a da sadaka gaskiya ne, kuma wa ya ce ba ya yi? Ta faɗa da kanta ba ya fashin masallaci. Abin da aka tambaye mu shi ne ɗa ya shiga ɗakin uba ya kwashe masa kaya. A Suratul Isra'i aya ta 23 an hana mu ce wa iyaye ko da "uf" in sun tsufa a gabanmu, balle a kai ga wannan. Nasiha tana da hanyarta, kuma ba daga bakin ɗa cikin fushi ba.

Abu Ammar:
Na karɓa Malama. A samu limamin unguwarsu ya riƙa jansa da hira.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ƙanwata, ni fim ɗin bai dame ni ba, shekara nawa yana kallonsa lafiya lau. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne rashin cin abinci da guje wa mutane. Baƙin cikin rashi abu ne da aka sani, amma in ya ɗauki watanni mutum na ramewa, barci ya gagara, abin da yake jin daɗinsa a da ya fita ransa, to yana iya zama ciwon damuwa, kuma ana maganinsa. Ku kai shi a auna hawan jini da sukari, ku gaya wa likita duk abin da kika rubuta nan, kar ku rage. In aka ƙwace akwatin yanzu, ɗan abin da ya rage masa aka ɗauke.

Mai Tura Fim:
Anti, ta ɓangarenmu: kaset na bidiyo ba ya son zafi da laima, zaren yana yin fumfuna ya manne, kuma injinsa yanzu da wuya a samu mai gyara. A sa masa fim ɗin a memori, akwatin kuma a ɗora shi sama wuri mai iska. Kar a kawo masa na fassarar Indiya-Hausa, shi muryar Amjad Khan ta asali ya sani a bakin Gabbar. Sannan akwai abin da wataƙila bai taɓa gani ba. Asalin ƙarshen fim ɗin Thakur ne yake kashe Gabbar, hukumar tace fina-finai ta Indiya ta sa aka sauya lokacin dokar ta-ɓaci ta firaminista Indira Gandhi, shi ya sa muka san 'yan sanda ke zuwa su kama shi. A 2025 an gyara fim ɗin an nuna shi da wancan ƙarshen a Bologna ta Italiya. Sai dai Jai yana mutuwa a duka biyun, ki san da wannan kafin ki ba shi labari.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Direba, na karanta wa Inna amsarka, ta ce wallahi haka ne, ashe har butar shayin Baba Jai tana ɗakin, iyalinsa suka aiko masa da ita bayan addu'ar arba'in. Yaya kuwa ban san ta inda zan ɓullo masa ba, ni ce ƙarama a ɗakinmu. Zancen asibiti kuma Baba cewa yake lafiyarsa lau.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ku fara da idon, tunda shi da kansa yake kuka da shi. In yanar ido ce, ana yin aiki a cire, da yawa gani yana dawowa. Kuna can sai a yi sauran awon.

Maman Biyu, Ali Ɗan Sofo:
Ke dai kar ki tunkari yayanki kai tsaye, zai ga raini. Ki bi ta wajen ƙanin Baba ko gwaggonku, wanda yake jin nauyinsa. Kuma ki lura, kunyar surukai ce ke damunsa. Surukan nan ai sun san Baba Biru tun kafin su nemi aure a gidan.

Tsohon Direba, Tibiri:
Ɗiyata, sauran abu guda. 'Ya'yan marigayin suna gari? Ki je ki gaida mahaifiyarsu, ki roƙi babban ya zo ranar Juma'a bayan isha'i da shayi kamar yadda ubansa yake yi. Ku fito da talabijin tsakar gida, ku kira yaran maƙwabta, yayanki ma a gayyace shi. In an zo gada ya ce a kashe, a kashe, kar wanda ya matsa masa. Ni ma ina shigowa Maradi ranar kasuwa, in mahaifiyarku ta amince ki turo mini kwatancen gidan ta akwatin saƙo in zo mu gaisa.