Tambaya kan shigar da ayon na CTA tsakanin fallayen oksaid na manganis

Ɗalibar Kabuga:

Assalamu alaikum malamaina. Ina aikin digiri na biyu a fannin kimiyyar sinadarai a nan Kano, kuma burina shi ne in samar da hodar da za ta iya tsotse rini daga ruwan da masana'antu irin na Sharada da Challawa ke fitarwa. Na haɗa birnesait, wato oksaid ɗin manganis mai falle-falle, daga sinadarin fotasiyam famanganet (KMnO4), kuma gwajin XRD, wanda ke auna tazarar fallaye da hasken X-ray, ya nuna tsininsa na farko a zanen sakamako a kusurwar da ke kusa da digiri 12, abin da ke nufin tazarar falle da falle ta kai kimanin nanomita 0.7 kamar yadda ake tsammani. Daga nan na zuba hodar cikin ruwan CTAB, wani sinadari dangin sabulu da ke sakin dogon ayon (ƙwaya mai cajin lantarki) da ake kira CTA, na bar ta tana motsawa, da fatan dogon ayon ɗin zai kori fotasiyam ɗin da ke tsakanin fallayen ya zauna a gurbinsa. Gwajin FTIR, wanda ke gano irin haɗin sinadaran da ke cikin samfur, ya nuna alamun C–H na sarƙar kabon ɗin CTA a wajen 2920 da 2850 cm⁻¹, amma tsinin XRD yana nan daram a inda yake. Shin ayon ɗin ya shiga ne ko bai shiga ba? Idan bai shiga ba, me ya hana shi?

Malamin Sinadarai, Gwale:

Wa alaikumus salam, Malama. Bisa ga abin da kika bayyana, ayon ɗin bai shiga ba, ya dai manne a bayan ƙwayoyin hodar. FTIR shaida ce kawai cewa sarƙar kabon tana cikin samfurin, ba ta faɗin inda take zaune. Mai yanke hukunci shi ne XRD, domin idan baƙo mai tsawon da ya haura nanomita 2 ya shiga tsakanin fallaye, dole tazara ta buɗe, tsinin kuma ya koma ƙaramar kusurwa.

Dalilin ƙin shigar yana cikin ginin birnesait kansa. Kowane falle yana ɗauke da cajin negetif saboda wasu daga cikin manganis ɗin Mn3+ ne maimakon Mn4+, kuma ayon na fotasiyam da ke tsakani su ne ke riƙe falle biyu da ƙarfi. Kaurin fallen kansa ya cinye kusan rabin nanomita daga cikin 0.7 ɗin nan, saboda haka abin da ya rage bai wuce wurin sahu ɗaya na ruwa da fotasiyam ba. Kan CTA, mai rassan metil uku kewaye da naitirojin, ya fi wannan gurbi girma, kuma ribar da zai samu idan ya shiga ba ta kai ƙarfin da ake bukata a raba fallayen ba. Kamar mai son shigar da babban gado ne ta ƙaramar ƙofar soro: sai an fara faɗaɗa ƙofar.

Hanyar da aka saba bi mataki biyu ce. Da farko a jiƙa hodar cikin asid mai sauƙi, a riƙa sauya shi da sabo na wasu kwanaki har H+ na asid ɗin ya maye gurbin K+, wato ayon na fotasiyam. Sa'annan a kawo TBAOH ko TMAOH, sinadarai ne kishiyoyin asid masu ɗauke da ayon na amoniyam da OH−. A nan abin da ke tura aikin gaba shi ne haɗuwar H+ na tsakanin fallaye da OH− su zama ruwa, wanda ke tilasta wa ayon na amoniyam shiga don cike cajin da aka bari, ruwa kuma ya biyo shi, hodar ta kumbura, wani lokaci har fallayen su rabu ɗaya-ɗaya. Takayoshi Sasaki da abokan aikinsa a Japan sun nuna haka da oksaid na titaniyam a 1996, daga baya aka yi da na manganis. Idan kika zuba ruwan CTAB a kan waɗannan fallaye da suka rabu, za su sake haɗuwa nan take su danƙare da CTA a tsakaninsu.

Ki kuma tabbatar an fara awon XRD daga digiri 2. Da hasken X-ray da na'urar ke samarwa daga jan ƙarfe, mai tsawon zango nanomita 0.154, tazarar nanomita 2.5 tana fitowa ne a wajen digiri 3.5, kuma sau da yawa masu kula da na'ura suna farawa daga digiri 10 idan ba a gaya musu ba.

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji:

Abin da Malam ya faɗa daidai ne, sai dai ina so in ja hankalin ƴar uwa kan wani tarko da ke jiran ta a daidai wannan ƙaramar kusurwa. CTAB ba ya narkewa sosai idan zafin ruwa ya yi ƙasa da kimanin digiri 25 na ma'aunin Salsiyos, kuma kowa ya san yadda daren hunturu yake a Kano. Kwalbar da aka bari garau da yamma, da safe sai a tarar da fararen ƙyalli sun kwanta a gindinta. Waɗannan ƙwayoyin na CTAB zalla suna da nasu tsarin falle-falle, tazararsu kusan nanomita 2.6 ce, don haka tsininsu yana fitowa a inda ake sa ran ganin nasarar aikin. Na sha ganin ɗalibi yana murna da tsinin da ba na samfurinsa ba ne.

Maganin shi ne a yi musayar da ɗumi, wajen digiri 40, a wanke da ruwan ɗumi har sai ɗigon silba naitiret (AgNO3) ya daina kawo gurɓi a ruwan wankin, alamar buromaid ɗin da ke cikin CTAB ya ƙare. Ki kuma kai CTAB zalla a auna shi a na'ura ɗaya, ki ɗora zanen biyu kan juna. Shaidar da ta fi gamsar da ni ita ce tsinin digiri 12 ya ɓace ko ya ragu ƙwarai, sabon tsinin kuma ya zo da ƙannensa na biyu da na uku, wato maimaicinsa a manyan kusurwoyi, a jere.

Dokta a Tarauni:

Ina da ƙari kan matakin asid. Kada a yi amfani da asid ɗin HCl mai ƙarfi, domin oksaid na manganis yana mayar da shi iskar kulorin, wadda guba ce. Ko da asid mai sauƙi, wani kaso na Mn3+ yana rikiɗewa zuwa Mn4+ da Mn2+, na biyun ya narke cikin ruwa, cajin fallen ya ragu, kuma wannan zai shafi yawan CTA da zai iya shiga. Ya kamata ki auna yawan da ya shiga da TGA, gwajin da ke auna nauyin da samfur ke rasawa idan ana zafafa shi, kada ki dogara da lissafin takarda.

Sai dai tambayata ga Malama ta fi wannan girma. Birnesait yana ƙona wasu sinadaran rini da kansa, yana ƙwace musu elektoron. Idan kika lulluɓe fallayen da sarƙoƙin kabon goma sha shida, kin ƙara masa iya tsotsa, amma kin rufe wuraren da ke yin ƙonawar. Idan tsotsa kawai ake nema, yumɓun bentonait yana karɓar CTA kai tsaye ba tare da asid ba, saboda cajinsa kaɗan ne kuma yana kumbura cikin ruwa, ga shi da araha. A ganina aikinki zai fi nauyi idan kika gwada ukun a kan rini ɗaya: birnesait tsirara, birnesait mai CTA, da bentonait mai CTA.

Ɗalibar Kabuga:

Na gode ƙwarai, malamaina, Allah ya ƙara ilimi. Na duba takardar sakamakon, an fara awon ne daga digiri 5, kuma tsinin digiri 12 bai ragu ba ko kaɗan, saboda haka bayanin Malam ya tabbata. Zan bi ta hanyar asid da TBAOH, in kai wa mai duba aikina shawarar Dokta kan bentonait. Abin da ya rage min shi ne sanin yawan TBAOH da ya dace da yawan H+ na hodar, domin na karanta cewa idan ya yi yawa fallayen ba sa rabuwa yadda ake so. Da wane rabo kuke ganin ya kamata in fara?