Gidajen da muke gyarawa a Harlem su ake korarmu daga ciki

Ɗan Maraɗi: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Tun 2005 nake zaune kusa da titin 116 a unguwar Harlem ta birnin New York, yanzu an sayar wa wani kamfani gidan, wai in hayarmu ta ƙare mu tashi za su gyara. Abin da ya fi ci min rai, ƙanena da ba shi da takardu aikinsa kenan, fasa bango da fenti da sa tayil a irin tsofaffin gidajen nan, ana gamawa a zuba masu kuɗi, kuma ɗan kwangilar ya riƙe masa kuɗin sati uku, ya ce in ya ƙara magana zai kira masa 'yan imigireshan. Yaron ko barci ba ya yi wlh.

Hajiyar Bronx: Wa alaikumus salam ƙanena. Kuɗin guminsa haƙƙinsa ne, dokar ƙwadago ta New York ba ruwanta da takardu, har shekara 6 ana iya bin kuɗin a kotu, ana kuma iya kai ƙara ma'aikatar ƙwadago ta jiha, kuma waccan barazanar ma ita kanta laifi ce. Ya rubuta ranakun da ya yi aiki da awoyi da adireshin gidan, kar ya goge saƙonnin WhatsApp ɗinsu.

Baban Zango: Ɗana, mu mun ga farkon abin nan. A 1994 magajin gari Giuliani ya kwashe mu masu kasa kaya daga titin 125, aka tura mu kasuwar Malcolm Shabazz ta 116, ciniki ya faɗi, wasu suka tattara suka koma gida. Da na ga an buɗe Whole Foods, babban shagon kayan abinci na masu kuɗi, a 125 ɗin a 2017 na ce wa yarana unguwa ta tafi, shi ya sa mutanenmu suka cika Bronx. Amma kar ka tashi don an ce ka tashi. In ginin an yi shi kafin 1974 kuma yana da gida 6 ko fiye, da alama yana cikin waɗanda gwamnati ta ƙayyade musu haya, irinsu dole mai gida ya sabunta maka yarjejeniya. Kuma kotu ce kaɗai ke fitar da mutum. Kira 311, layin hukumar birni, ka ce lauyan masu haya kake nema.

Mai Keke: Hajiya gaskiya kika faɗa amma tsoron fa ba wasa ba ne, ni ma kai abinci nake a keke cikin sanyi zuwa sababbin benayen nan, wanda na yi wa aiki a baya ya cinye min kuɗin wata guda na yi shiru saboda iyalina na gida ni suke jira. Kar a bar yaron ya je shi kaɗai, a samu mai takardu ya raka shi.

Ɗan Maraɗi: Na gode Baba, gida 10 ne a ginin namu. Gobe in sha Allah zan kira, kuma ni da kaina zan raka shi.