Yuranus ko Neftun: wacce ta fi girma, kuma ina zobbansu?

Ɗalibin Falaki:
Assalamu alaikum malamai. Tambayata kan duniyoyi biyu ne masu kewaya rana. Wani wuri a ce Yuranus ce ta fi Neftun girma, wani wurin a ce Neftun ce. Wanne ne daidai? Sannan idan su ma suna da zobba kamar Zuhal, me ya sa ba a ganinsu da ƙaramin madubin hangen nesa?

Mai Auna Sama:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Duka maganganun biyu daidai ne, ma'aunin ne ya bambanta. A faɗi, Yuranus ce gaba: kilomita 51,118, Neftun kuwa 49,528. Kowacce ta ninka faɗin Duniyarmu kusan sau huɗu. A nauyi kuma Neftun ce gaba, ta ninka Duniya sau 17, Yuranus sau 14.5. Wato kayan cikin Neftun sun fi curewa wuri ɗaya. Kada sunan "duniyoyin ƙanƙara" da ake kiransu da shi ya ruɗe ka, abin da ake nufi ruwa ne da amoniya da iskar metan, a matse cikin zafi mai tsanani.

Malama Taurari:
Batun zobba, matsalar duhu ce da siranta. Na Zuhal kusan tsantsar ƙanƙarar ruwa ne, shi ya sa suke ƙyalli. Na Yuranus baƙi ƙirin suke kamar gawayi, ɗan abin da suke maidowa daga hasken rana bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. Mafi haskensu, Epsilon, faɗinsa tsakanin kilomita 20 ne zuwa 96, ga kuma nisansa daga gare mu da ya kusa kai kilomita biliyan 3.

Ba ma da ido aka fara gano su ba. Ranar 10 ga Maris 1977 Yuranus ta gitta ta gaban wani tauraro, sai masu aunawa suka ga haskensa na dusashewa yana dawowa tun kafin duniyar ta rufe shi, bayan ta wuce kuma abin ya sake maimaituwa. Wannan daidaituwa ta ɓangarorin biyu ita ce hujjar. Yanzu an san zobba 13.

Na Neftun sun fi wahalar da masana. Wani lokaci tauraro ya dusashe a gefe ɗaya, a ɗaya gefen shiru, har aka zaci guntaye ne. Sai da kumbon Voyager 2 ya isa a Agustan 1989 aka ga cikakku ne, manya biyar, amma zoben waje mai suna Adams yana da wuraren da ƙura ta taru ta yi kauri.

Ɗalibin Falaki:
Na gode, Malama. To watanninsu fa?

Mai Auna Sama:
A nan ne suka fi bambanta. Neftun tana da 16, amma Triton shi kaɗai ya ɗauke fiye da kashi 99 cikin 100 na nauyinsu. Faɗinsa wajen kilomita 2,700, namu watan 3,474. Yana kuma kewayawa ne saɓanin yadda Neftun ke juyawa, abin da ya sa masana ke ganin kamo shi ta yi daga yankin Kuiper, wato tarin duwatsun ƙanƙara da ke can gaba da Neftun, kamun kuma ya hargitsa watannin asali.

Yuranus ba ta da wani ƙato irin wannan. Manyanta biyar ne: Miranda, Ariel, Umbriel, Titania da Oberon, kuma Titania da ya fi duka bai kai kilomita 1,600 ba. Suna bin ƙugunta cikin tsari, duk da cewa a kishingiɗe take da digiri 98. Da ƙaramin watan da madubin hangen nesa na James Webb ya gano a 2025, sun kai 29.

Malama Taurari:
Idan gwadawa za ka yi, nemi Triton tukuna. Ya fi Titania sauƙin kamawa duk da nisansa, domin daskararren naitirojin ya lulluɓe shi yana haske. Madubi mai bakin santimita 25 zai iya, a dare mai duhu sosai. Ƙara ƙarfin girmamawa ya haura 200, in ba haka ba hasken Neftun zai haɗiye shi.