Aika fim mai kala wanki ta gidan waya: abin da aka tattauna

An tattauna kan yadda za a zaɓi wurin da za a aika wa fim mai kala wanki ta gidan waya. Maganar ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Baki ya zo ɗaya a nan: kada ka fara da hotunan biki ko suna. Tura fim ɗaya na gwaji tukuna, ka ga hannun masu wankin.

2. Duba jikin gwangwanin fim ɗin don ka ga irin wankin da yake so: C-41, E-6 da ECN-2 duk sunayen hanyoyin wanki ne. Yawancin fim mai kala C-41 ne, kusan kowa na wanke shi. E-6 kuwa sai ka tambaya. Fim ɗin silima irin Kodak Vision3 wankin ECN-2 yake so, kuma in mai baƙin shafe a baya ne, shafen yana ɓata ruwan wankin C-41.

3. Mai tsohon fim ɗin Kodachrome ya haƙura da kala. Dwayne's Photo da ke Kansas a Amurka ne suka rage cikin masu wanke shi da kala, su ma sun daina karɓa a ƙarshen 2010.

4. Tambayi ko suna maido da nagatif, wato fim ɗin kansa bayan an wanke. Wani ya ce sai da ya nemi nasa aka ce an zubar, hotunan da aka turo ta intanet kuma ƙanana ne, ba sa buguwa da girma. Ni dai wannan kaɗai ya isa in canja wuri.

5. An rabu kan injin sikanin. Wasu Frontier suke so don kalarsa ta fi tashi, wasu Noritsu don ya fi fito da ƙananan abubuwa.

6. Kuɗi ma an ja. Masu son araha sun ce injin ɗaya ne, sauran suka ce mai kula da ruwan ake biya.

7. Wajen aikawa: ƙunshi mai taushi, lambar bin sawu, kuma kada ya kwana a mota cikin zafi.