Shin a wajabta rantsuwa a gaban kwamitin majalisa?

Malam Sani, Talata Mafara: Jama'a, ni a ganina duk kwamishina, babban sakatare ko ɗan kwangilar da kwamitin majalisar dokoki ya kira Gusau kan kuɗin jama'a, a rantsar da shi kafin ya buɗe baki. Wanda aka kama da ƙarya a hukunta shi. Mutum ya ce an kammala asibiti alhali ko kwano ba a ɗora ba, ya shiga mota ya tafi abinsa?

Barista Hauwa: Allah gafarta Malam, ikon yana nan a Tsarin Mulkin 1999. Sashe na 128 ya ba majalisar jiha damar bincike, na 129 ya ba ta damar kiran mutum, ta karɓi shaidarsa bisa rantsuwa, har ta sa a kamo shi in ya ƙi zuwa. Sai dai ba a ce dole ba, kwamiti ke zaɓa. Kuma majalisa ba kotu ba ce, ba ta ɗaure kowa.

Alhaji Bello, Ƙaura Namoda: To nan gizo ke saƙa, Barista. Wa zai gurfanar da maƙaryacin? Antoni Janar, wanda shi kansa kwamishinan shari'a ne da gwamna ya naɗa. Zai kai abokin zamansa kotu? Ban yarda rantsuwa za ta canza komai ba.

Malam Sani: Alhaji, kada ka raina Alƙur'ani a hannun Bazamfare. Mu ne muka fara ƙaddamar da shari'a a 1999. Annabi (SAW) yana kishingiɗe ya tashi zaune da ya zo kan shaidar zur, ya yi ta maimaitawa. Da yawa za su ji tsoron Allah ko ba kotu.

Alhaji Bello: Ai da Alƙur'anin suka rantse ranar kama aiki.

Malama Rabi: Ni ma'aikaciya ce, tsorona daban ne. Oga zai noƙe ya turo ƙaramin akanta da alƙaluman da ba shi ya rubuta ba. Shi zai rantse, shi za a kama, yana da iyali.

Barista Hauwa: Gaskiyarki, Yaya. Shi ya sa nake so dokar ta ce wanda ya sa hannu a takardar biya shi zai zo da kansa, ba wakili. A bambanta kuskuren lissafi da ƙaryar ganganci, kuma a buɗe zaman ga 'yan jarida.

Alhaji Bello: In za a sa shi a rediyo kai tsaye mutanen garin da aka ce an yi wa aikin su ji, na sa hannu.