Bashin waje da ruwan famfo: shawarwarin da aka bayar

A zaman da muka yi da wasu tsofaffin ma'aikatan hukumomin ruwa, tambaya ɗaya ce ta cinye lokacin: me ya sa ake gina matatar ruwa da kuɗin waje, bayan 'yan shekaru famfo ya koma busa iska?

Ba wanda ya raina kuɗin. A 2014 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 250 don gyaran ruwan birane, musamman a Bauchi, Ekiti da Ribas. Sai dai irin wannan bashi ya fi ƙarfi a gini da shimfiɗa bututu. Alam, kulorin, man janareta da kuɗin wuta hidimar kullum ce, daga aljihun hukuma za su fito. A kan wannan batu aka fi daɗewa a zaman. Tsofaffin ma'aikatan suka ce kafin a sa hannu kan bashin a lissafa abin da tace ruwan zai ci duk wata, a sa mita, a bi kuɗin ruwa har ofisoshin gwamnati, don su ma sukan tara bashi. Wani ya ce ya ga injin turo ruwa sabo fil a ajiye wata da watanni, saboda ɗan ƙarfen da bai kai tafin hannu ba, sai an yi odarsa daga waje. Abin ya sosa mini rai, don a unguwarmu har yau wurin 'yan garuwa muke sayen jarka.

An kuma ja kunne kan canji: da kuɗin waje ake biyan bashin, hukuma kuwa naira take karɓa. A toshe bututun da ke yoyo kafin a faɗaɗa matata, a horar da ma'aikata tun ɗan kwangila bai tattara kayansa ba.